Kilim ko gyaran rufi: ina ya dace a fara zuba kuɗi?

Lawali (unguwar Zariya, Maraɗi): Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema. Na ɗan tara jika 350 na sefa, niyyata in sa wa tsohuwata kilim (na'urar sanyaya ɗaki) a ɗakinta kafin Afrilu ya kama. Ɗakin na bulo ne, rufin kwano, babu filafon (rufin katako na ƙarƙashin kwano), taga ɗaya ce tana kallon yamma. Bara tun daga azahar har bayan isha'i ba ta iya zama ciki, sai dai a yi mata shimfiɗa gindin bedi. Wani abokin aikina ya ce in na sa kilim a ɗaki irin wannan kuɗina kawai zan ƙona, wai in fara da rufin. Waɗanda suka san kan abin su taimaka.

Hajiya Baraka: Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka ɗana, ya ba ka masu yi maka. Sa mata kilim ɗinta kawai, tsufa ba ya son wahala.

Sanusi mai gyaran kilim (Sabon Gari): Hajiya, ni sana'ata ke nan, da a ce cinikina nake dubawa da tuni na ce ya kawo kuɗin. Amma abokin aikinsa ya faɗi gaskiya. Duk bazara sai an kira ni gidaje irin wannan ana cewa kilim ya lalace, ko an ba su na jabu. In na je na tarar lafiyarsa lau, ɗakin ne ba ya riƙe sanyi. Injin da ke waje ya kamata ya yi aiki, ɗaki ya yi sanyi, ya tsaya ya huta, sannan ya sake tashi. A ɗakin kwano marar filafon ba ya samun wannan hutun, tun da aka kunna shi yana gurnani har a kashe. Kuran ya sha, shi kuma ya tsufa da wuri.

Malam Lawali, ga lissafi mai sauƙi. Kilim mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana jan kusan wat 1200. In ya yi awa 8 bai huta ba, kilowat 9 da wani abu ke nan a dare ɗaya, a wata ya doshi 290. Fankar sama wat 70 ce ko ƙasa da haka, awa 8 kullum ba za ta wuce kilowat 17 a wata ba. Ka ɗauko takardar kuran ɗinka ta watan jiya ka duba kilowat nawa gidan duka ya sha, sai ka san abin da za ka ɗora wa kanka.

Lawali: Subhanallahi. Gidan duka ba mu kai 150 ba.

Injiniya Ramatu: Bari in ƙara a kan maganar Malam Sanusi, don a gane daga ina zafin yake shigowa. Mutane da yawa bango suke zargi, alhali a gida mai hawa ɗaya rufi ne babbar ƙofa. Da tsakar rana a nan wajenmu, kowane murabba'in mita yana karɓar zafin rana da ya kai wat 1000. Ɗaki mai mita 4 da 4 murabba'i 16 ke nan, wato wat 16,000 na sauka a kan kwanon. Ba duka ke shiga ba, wani ya koma sama, wani iska ta kwashe. To amma ko kashi ɗaya cikin goma ne ya ratsa, wat 1600 ne. Shi kuwa kilim ɗin da aka ambata, zafin da yake iya fitarwa daga ɗaki bai wuce wat 3500 ba. Kun ga kusan rabin ƙarfinsa ya tafi wajen faɗa da kwano tun kafin a zo maganar bango da taga da jikin mutanen da ke ciki.

Sannan akwai abin da ma'aunin zafi ba ya nunawa sosai. Kwano a rana yana haura digiri 60. Ko iskar ɗakin ba ta kai haka ba, shi kwanon yana watso zafi kai tsaye a kan mutum, shi ya sa kake jin tsakiyar kanka na ɗaukar zafi kana zaune ba ka taɓa komai ba. Fanka ba ta maganin wannan. Sai an sa wani abu tsakanin kai da kwano.

Hajiya Baraka: To ni dai ban san wat ba. Abin da na sani, ɗakin kakarmu a Maradawa babu ko fitila ta kuran, amma da rana tsaka in ka shiga har barci ke ɗaukarka.

Malam Isufu magini (Bagalam): Salamu alaikum. Yarona ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Hajiya ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ɗakin da take magana soro ne. Bangonsa a ƙasa ya kai kamu ɗaya, wani ma ya fi, yana tafiya sama yana sirancewa. A jera azara ta giginya, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daɓe, a yi yaɓe, a fitar da indararo. Zafin da ya bugi rufin nan da hantsi ba ya isowa ciki sai dare ya yi, lokacin kuwa kowa na tsakar gida a kan tabarma. Kafin asuba ginin ya huce, ya sha sanyin dare, shi zai yi ta ba ka har la'asar. Da ɗari kuma ya juya, ɗumin rana yake ajiye maka. Iyayenmu ba su yi lakwal ba amma sun san wannan.

Yau in mutum ya kira ni ya ce gini yake so, na ce masa na ƙasa, sai ya dube ni kamar na zage shi. Bulo mai rami, santimita 15, shi ake so. Rana na bugunsa awa biyu zuwa uku ya kai zafin ciki.

Tsahiru (Ali Ɗan Sofo): Baba Isufu, da girmanka, amma a faɗi ɗayan gefen ma. Ina muke a ƙarshen Agustan 2024, da aka yi ambaliya? Gidajen da suka zube a garin nan a dare ɗaya, galibinsu na mene ne? Na ƙasa ne. Mun ciro mutane da hannunmu daga ƙarƙashin gini. Ko a Damagaram tsohon masallacin nan na ƙasa da ya haura shekara ɗari bai tsira ba a daminar. Zafi dai a sha wahala a kwana, amma soro in ya jiƙa ya sauko, ba a ba da labari. Ni na gwammace in yi gumi a ɗakin siminti.

Malam Isufu magini: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ɗana, ban musa maka ba, ni ma na ga abin da ka gani. Amma ka koma ka duba waɗanda suka faɗi. Za ka tarar ko dai an gina su a hanyar ruwa, ko babu tushe, an ɗora tubali a kan rairayi kawai, ko an shekara biyar ba a yi yaɓe ba, ko indararo ya toshe ruwa ya kwana a kai. Da, kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba. Ana dafa makuba daga ɓawon ɗorawa a shafe bango, masu hali su sa laso da katsin marina. Yanzu wa ke yi? An bar ginin ƙasa ga wanda ba shi da halin kula da shi, sannan a ce ƙasa ce ta yi laifi.

Tsahiru: To ai ka faɗa da bakinka, Baba. Gidan da sai an hau kansa duk shekara, ni ma'aikaci yaushe zan samu sukuni? Kuma azarar giginya yanzu nawa take, in ma an same ta?

Mushe Haruna: Ku biyun kowa na da tasa gaskiyar. Tarihin garin nan ma ruwa ne ya rubuta shi. Tsohon Maraɗi a cikin fadama yake, bakin gulbi, ambaliyar 1945 ce ta sa aka hauro tudu. Saboda haka tsoron Tsahiru ba na banza ba ne. Amma zaɓin bai tsaya ga soron kaka ko bulo da kwano ba. Maganar azara, tun 1980 aka fara koyar da gini marar itace a ƙasar nan, a Cikal wajen Filinge, inda ake rufe ɗaki da tubali zalla a yi masa baka ko ƙubba. Daga baya kuma ga Mariam Kamara, ƴar ƙasarmu, da abokan aikinta sun yi gidaje a Yamai da tubalin ƙasa da inji ke matsewa, sun yi masallaci da ɗakin karatu a Dandaji cikin jihar Tawa. A Burkina, Francis Kéré ya gina makarantar ƙauyensu Gando a 2001 da tubalin ƙasa, ya ɗaga kwano can sama da rufin ɗakin yadda iska ke ratsawa tsakani, ruwa kuma ba ya taɓa bango. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda ta fi kowace girma a harkar zanen gini. Mu nan muna jin kunyar ƙasa, su can suna karɓar lambar yabo da ita.

Injiniya Ramatu: Dabarar Kéré ita ce amsar Tsahiru. Tushe na dutse da siminti a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa, bango na ƙasa mai kauri, kwano a sama da baki mai faɗi ya zama laima. Ka samu sanyin Baba Isufu, ka huta da hawa rufi duk shekara. Amma mun bar Malam Lawali a tsaye, shi ɗakinsa an riga an gina.

Lawali: Wallahi ina nan ina karantawa. Rushe ɗaki dai ba zai yiwu ba.

Injiniya Ramatu: Ba sai ka rushe ba. Ga yadda zan yi da a ce ni ce. Filafon farko. Amma a kula, filafon da aka rufe ruf babu mafitar iska rabin aiki ne. Iskar da ke tsakanin kwano da filafon tana yin zafi ƙwarai, in ba ta da hanyar fita sai ta gasa katakon, shi kuma ya sauke maka. A huda bango a sama, gefe biyu masu kallon juna, a sa bulo mai huji, a rufe da raga saboda jemagu da ɓeraye. In tazarar ta kai santimita 40 ko 50 ya yi kyau.

A bayan filafon ɗin a shimfiɗa abin da zai tare zafi. Akwai farin soso irin wanda ake samu a kwalin sabon firigo, ana sayar da shi fale-fale, mai kaurin santimita 4 ko 5 ya isa. Akwai kuma takarda mai ƙyalli da ake ɗaurawa ƙarƙashin kwano. Ita wannan sharaɗinta fuskar mai ƙyallin ta kalli sarari, kada a manna ta da wani abu, in an manna ta ta tashi aiki. In ƙura ta lulluɓe ta ma ƙarfinta na raguwa, shi ya sa ya fi kyau ƙyallin ya kalli ƙasa.

Sai tagar yamma. Wannan ita ke hana Inna zama har isha'i. Ranar la'asar a kwance take zuwa, ta daki bangon nan da tagar kai tsaye a daidai lokacin da gari ya fi zafi. Labule daga ciki ba ya wani tasiri, zafin ya riga ya shigo. Daga waje ake tare shi: rumfar zana, ko asabari a rataye nesa da bango kaɗan.

Sabi'u: Injiniya, maimakon soson kanti me zai hana a zuba ɓawon gyaɗa? Ga shi nan tuli a wajen masu ɓarza, kusan kyauta. Na ji an ce yana tare zafi.

Injiniya Ramatu: Yana tarewa. Duk abin da yake busasshe, marar nauyi, mai riƙe iska a cikinsa yana yi: ɓawon gyaɗa, ƙaiƙayi, karan dawa, tabarmar kaba ninki biyu ko uku.

Sanusi mai gyaran kilim: A'a, a nan kam zan ɗaga hannu. Ku da ba ku shiga cikin filafon ba ku san abin da ke ciki ba. Ni ina shiga. Wayoyin kuran a warwatse, an haɗa wani da wani an naɗe da leda, babu bututu. Ɓera ya ci rigar waya, ta yi tartsatsi, ga ɓawon gyaɗa busasshe a ƙarƙashi, a watan Afrilu. Wa zai kashe wannan wutar? Shi kansa farin soson yana ci da wuta, hayaƙinsa kuma mugu ne. Duk wanda zai zuba wani abu a filafon, ya fara kiran mai aikin kuran ya sa wayoyin cikin bututu. Ban da gara, ita kuma Baba Isufu ya fi ni saninta.

Malam Isufu magini: Gara kam in ta samu kara ko ɓawo ta samu gida. Mu da muna shimfiɗa zana a rufi, amma ƙasa ce ke danne ta, kuma hayaƙin murhu na korar ƙwari. A filafon na zamani ban ba da shawara ba. Abin da zan ce wa Lawali, ya samu farar ƙasa ya shafe kwanon ta sama. Arha ce. Ka taɓa kwanon da aka shafa da wanda ba a shafa ba da azahar, hannunka zai gaya maka.

Tsahiru: Farar ƙasar da ruwan farko zai wanke?

Malam Isufu magini: Ya wanke mana. Ai lokacin da ruwa ya sauka zafin ya karye. Watan Fabrairu ka sake shafawa. Wanda ke da hali ya sayi farin fenti na kwano, ya fi daɗewa, sai dai shi ma ƙurar hunturu na mai da shi ja, dole a wanke kafin bazara. A hau da sassafe, a taka kan layin ƙusa, kada a tura yaro ya burma.

Nana Hadiza (Sura Bildi): Ina ta bin maganar nan tun ɗazu, duk masu gidan kansu ne ke magana. Mu ƴan haya fa? Ɗaki biyu da falo muke ciki, kwano tsirara, in ka miƙa hannu daga kan gado ka kusa taɓa shi. Maigidana da safe ya tafi kasuwa, yana rumfa har magariba. Yara na lakwal. Ni da jaririya da surukata mu ke gasuwa. Ƙarfe biyu na rana ko cokali ka ɗauka a ɗakin nan da ɗumi. Jaririyar duk ƙuraje sun feso mata a wuya da baya. Na jiƙa zane in rataya a ƙofa, kafin in gama wanke-wanke ya bushe ƙamas. Mun yi wa mai gidan maganar filafon, ya ce in muna so mu yi da kuɗinmu, kuma ranar da za mu tashi ba a cire ko ƙusa. Wa zai zuba jika ɗari a gidan wani?

Kuma ku maza in za ku yi gini ku riƙa tambayarmu. Ku ke zaɓen inda madafa za ta zauna, ku manna ta da bangon ɗakin kwana ta yamma, ga rana ga murhu. Sannan a shafe tsakar gida duka da siminti wai don tsabta, a sare bishiyar da aka tarar. Da dare simintin nan huci yake yi, ko shimfiɗa ba ta yiwuwa sai an kwara masa ruwa bokiti uku.

Hajiya Baraka: Faɗa musu dai ƴata. Allah ya raya jaririya. Ki riƙa ba ta nono akai-akai, surukarki kuma kada a jira sai ta ce tana jin ƙishirwa, tsofaffi ba su cika ji ba. In kin ga jikin ɗayansu ya yi zafi babu gumi, ko magana ta fara rikicewa, a jiƙa jiki a nufi likita, ba a jira.

Alhaji Ɗan Ladi: Ni ina da gidajen haya, bari in kare kaina kafin a yanke mana hukunci. Ba mugunta ba ce. In na sa filafon na ƙara jika 3 a kuɗin wata, mai neman haya zai wuce ya tafi gidan da babu, don shi kuɗin wata yake tambaya, ba ya tambayar zafi, musamman in da sanyi ya zo neman gidan. Kuran kuma ba ni ke biya ba. To me zai sa in kashe? Gaskiya ke nan ko ba daɗi.

Ni kaina ban tsira ba. Gidan da nake ciki dal na zuba, wato rufin kankare, na ce na rabu da kwano. Da rana lafiya lau. Amma daga ƙarfe tara na dare sai ka ce gidan burodi, har ƙarfe uku rufin na sauke zafi. Kilim biyu ke aiki, ranar da babu wuta sai gurup, wato janareta.

Injiniya Ramatu: Alhaji, dal ɗinka abin da soron Baba Isufu ke yi shi yake yi, ajiye zafi ya sake shi daga baya. Bambancin, kankare santimita 15 zuwa 20 ne kuma ya fi ƙasa saurin ratsa zafi, sai ya sauke maka a daidai lokacin kwanciya, kai kuma ba ka kwana a tsakar gida. Maganinsa kada rana ta taɓa shi tun farko. Ko a shafe shi fari, ko a yi masa rumfar kwano a sama a bar gefuna a buɗe. A Indiya har tukwanen ƙasa suke kifawa a jere a kan dal su rufe da siminti, iskar cikin tukwanen ta zama katanga, sai dai wannan sai an tabbatar dal ɗin zai ɗauki nauyin. In kana da niyyar sa fanon hasken rana, ka ɗaga su a kan ƙafafu bisa ɗakin kwana, ka samu wuta ka samu inuwa.

Mushe Haruna: Maganar fano ta tuna mini. Duk wanda ke shirin dogara da kilim ya tuna 2023. Wutar Maraɗi da Damagaram daga Najeriya take zuwa, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka katse ta, ba a maido ba sai Maris na 2024. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar ƙasar nan daga can ake sayo ta. An buɗe tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, amma wannan ta Yamai ce. Wanda ya gyara rufinsa a watannin nan bai rasa komai ba, mai kilim kuwa sai kallon akwati a bango.

Sabi'u: Ni fa ina Agadas shekara shida, can imidifikater muke amfani da shi, wannan mai ruwa da fanka. Wutar da yake ja ba ta fi ta fanka biyu ko uku ba, fano da batir ma suna ɗaukarsa. Me ya sa ba wanda ya ambace shi?

Sanusi mai gyaran kilim: Yana aiki a nan ma, amma na wata uku ne. Maris, Afrilu, zuwa tsakiyar Mayu, iska a bushe take, ruwan na tashi ya ɗauke zafi, sai ka ji daɗi. Da zarar iskar damina ta juyo, gari ya yi gumi, ya zama fanka mai jiƙa mutum kawai. Agadas ta fi mu bushewa shi ya sa kuka fi mu morarsa. Kuskuren da ake yi kuma, a kulle ɗaki kamar na kilim. Shi sai an ajiye shi bakin taga yana jan iskar waje, a bar wata kafa iskar ta fita. In an kulle, cikin awa ɗaya ɗakin ya cika da laima. A riƙa canza ruwan, a wanke ragar cikinsa, in ba haka ba wari da sauro.

Ga Nana Hadiza ma shi ne ya fi dacewa, tunda in za ku tashi kuna ɗaukar abinku. Ki haɗa da tabarmin kaba a ɗaure su ƙarƙashin kwano da waya, a bar tazara kamar taki ɗaya, nesa da wayar fitila. Ba filafon ba ne amma yana tare wannan zafin da ke dukan kai, kuma ranar tashi a kwance a naɗe.

Nana Hadiza: Wannan kam zan iya. Tabarma nawa ɗaki ɗaya zai ci?

Sanusi mai gyaran kilim: Ya danganta da girmansu, ki auna ɗakin da igiya ki tafi da ita kasuwa.

Tsahiru: Wani abin da ban gane ba. Injiniya ta ce a huda bango iska ta shiga. Ni kuma na lura in na buɗe taga da rana ɗakin ƙara zafi yake.

Injiniya Ramatu: Hujin da na ce na saman filafon ne, ba na cikin ɗaki ba. Cikin ɗaki kuwa lurarka daidai ce. A Afrilu iskar waje da rana ta haura digiri 40, in ka buɗe mata ita za ta shigo. Ƙa'idar ita ce a rufe tun hantsi, a buɗe duka bayan isha'i har safe, taga biyu masu fuskantar juna, da raga saboda sauro da ƙarfe saboda ɓarayi. Amma wannan yana aiki ne a ɗakin da rufinsa ke tare zafi. A ɗakin kwano tsirara in ka rufe da rana ka dafa kanka.

Masu shirin sabon gini kuma, abu ɗaya da ba ya cin ko dala: a miƙar da gidan daga gabas zuwa yamma, dogayen bangaye da tagogi su kalli kudu da arewa. Mu a nan daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana ta ɗan karkata arewa da tsaka, sauran shekara tana kudu, amma a bazara a sama take sosai, ɗan bakin rufi ya isa ya yi wa bangon inuwa. Gabas da yamma su ne ba su da magani sai bishiya ko rumfa, don haka a ba su gajeren bango, a sa makewayi ko ɗakin ajiya a can.

Malam Isufu magini: Sai dai masu yanka fili ba su san da wannan ba, yadda titi ya zo haka ƙofa ke kallo.

Lawali: Na gode ƙwarai jama'a. Ga abin da na tsayar: mai kuran ya fara zuwa ya gyara wayoyi, a sa filafon da soso da hujin iska, a shafe kwano, a yi rumfa ta yamma. Abin da ya rage in ga ko zai kai imidifikater. Baba Isufu, zan biyo ka ta akwatin sirri.

Hajiya Baraka: Ni dai har yanzu ina kan bakana, in Allah ya hore baɗi ka ƙara mata da kilim ɗin.

Sanusi mai gyaran kilim: In an gyara ɗakin, Hajiya, ƙarami mai doki ɗaya ma ya ishe ta. A ajiye shi a 26 a haɗa da fanka, ba 16 da mutanenmu ke dannawa suna lulluɓa da bargo ba. A toshe ƙasan ƙofa, a wanke ragarsa duk sati biyu lokacin ƙura, injin waje kuma a sa shi inda ke da inuwa da iska.

Alhaji Ɗan Ladi: Nana Hadiza, ki gwada wannan da mai gidanku. Ku yi filafon da kuɗinku, a rubuta takarda gaban shaidu biyu, a riƙa cire wani abu daga kuɗin haya duk wata har ku fanshe. Ni in ɗan haya ya zo mini da haka zan yarda, don gidana ne ya ƙaru kuma ban fitar da kuɗi a dunƙule ba. Abin da ba mu so shi ne a ce mu ciro jika ɗari yau.

Nana Hadiza: Zan gaya wa maigidana ya same shi, amma na san halin mutumin. Alhaji, kai cikin gidajenka babu wanda ba kowa a ciki?

Alhaji Ɗan Ladi: Duk da mutane a ciki. Akwai wani malamin lakwal da ake cewa za a yi masa canjin wurin aiki in an rufe makarantu, in ya tabbata zan sa a sanar da ku. Shi ma dai babu filafon.